BIN SAWUN KAKANNI: RAYUWAR WANI FARKE KAMAR YADDA TAKARDUN GIDA SUKA BAYYANA TA

Gabatarwa

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla sun yi shekara ashirin ko talatin a Legas, Abuja, Kaduna ko Fatakwal, wasu ma can aka haifi 'ya'yansu da jikokinsu. Idan aka tambayi irin waɗannan yara sunan garinsu za su faɗa, amma idan aka ce su ambaci kakan mahaifinsu, da sana'arsa, da inda ya taka a duniya, sai a ji shiru. Yaran ba su da laifi, domin ba a gaya musu ba. Mu kanmu iyaye abin da muka sani gutsuri-gutsuri ne, kuma dattawan da suka riƙe sauran kullum raguwa suke yi.

Manufata a wannan maƙala ita ce in nuna wa 'yan'uwa cewa rayuwar talaka ma tana da tarihi, kuma ana iya bin sawunta. Zan yi misali da kakana na wajen uba, wanda bai taɓa riƙe sarauta ba, bai kuma shiga makarantar boko ba. Ba zan ambaci sunansa ba, domin zuriyarsa tana da yawa, kuma ba shi kaɗai nake so a gani ba. Kusan kowane gida a garin nan yana da irinsa. Abin da na dogara da shi iri uku ne: takardun da ke cikin adakar gidanmu, maganar tsofaffi, da tarihin ƙasar Kano wanda aka riga aka tabbatar.

Haihuwa a zamanin Basasa

A da can babu takardar haihuwa. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Nijeriya ta 1992 ce, shi ya sa za ka ga dattawa da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu a takardar rantsuwar shekaru. To amma malaman zaure suna da tasu hanya. Idan malami ya gama kwafe littafi, yakan rubuta sunansa da na mahaifinsa da ranar da ya kammala, sa'an nan a gefen shafi ko a bayan littafi yakan sa haihuwa ko rasuwa ko wani babban al'amari da ya faru.

A bayan wata tsohuwar Risala ta hannu da ke cikin gafakar gidanmu aka sami rubutun haihuwar kakana. Ba a sa shekarar da lambobi ba. Haruffa huɗu aka jera, wato shinun, sinun, ya'un da ba'un. Wannan shi ake kira ramzi. A lissafin Magaribawa, wanda malamanmu suke bi, shinun 1000 ne, sinun 300, ya'un 10, ba'un 2, jimla 1312 bayan Hijira. Wanda ya karanta da lissafin mutanen Gabas, inda shinun yake 300, sinun kuma 60, zai sami 372, ya ruɗe. Don haka duk mai irin wannan takarda ya kai ta wurin malamin da ya san ramzi.

Mayar da shekarar Hijira zuwa Miladiyya ba shi da wuya. A raba shekarar da 33, a cire abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Idan aka raba 1312 da 33 za a sami kusan 40. A cire, saura 1272. A ƙara 622, ya zama 1894. Nan ne maganar tsofaffi ta yi daidai da takarda, domin abin da aka saba faɗa a gidanmu shi ne an haife shi lokacin Basasa. Tarihi ya tabbatar da cewa bayan rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Bello a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi mubaya'a suka fice zuwa Takai, Yusufu ya rasu a Garko, Aliyu Babba ya jagorance su suka shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Ke nan yana ɗan shekara takwas zuwa tara Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, aka naɗa Sarki Abbas.

Hanyar Gwanja

Takarda ta biyu wasiƙa ce ta ajami da ya aiko wa mahaifinsa daga zangon Kumasi, tana ɗauke da shekarar 1332, wato 1913 zuwa 1914. Gajera ce: gaisuwa, lissafin goron da ya aiko, da tambayar halin da gida yake ciki. Kafin a fahimce ta sai an san yadda fataucin goro yake a wancan zamani.

A ƙarni na 19 fatake daga ƙasar Kano, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan tashi da rani a ayari ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da uban dawaki, da malamin ayari. Sukan ɗora wa jakuna kanwa, da baƙaƙen tufafi na rini, da jemammun fatu, da busasshiyar albasa, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Zugu, har su isa Salaga a ƙasar Gwanja, inda ake kawo goro daga dazukan Asante. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci har shekara. Mahaifin kakana da wannan hanya ya tashi. Sai dai yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa suka koma Kete-Karachi da Kintampo da wasu garuruwa. Bayan Ingilishi sun mallake Asante, jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, sai zangon Kumasi ya cika da Hausawa. Da dogo ya iso Kano a 1911, sai goro ya sami sabuwar hanya: jirgin ruwa zuwa Legas, jirgin ƙasa zuwa Kano. Alhassan Ɗantata na Bebeji, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan hanya.

Saboda haka wasiƙar ta nuna mana abu biyu. Na farko, kakana yana cikin rukunin fatake na ƙarshe da suka ga ayarin jakuna, kuma na farko da suka ga goro a tarago. Na biyu, tambayar da ya yi game da gida ta wuce gaisuwar al'ada, domin damina ta 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar da ake kira Ƙaƙalaba, wadda ta hallaka mutane masu yawa a ƙasar Hausa a 1914. Tsofaffin gidanmu sun ce a wannan shekara aka sayar da jakunan gida aka sayi hatsi, kuma daga nan gidanmu bai sake haɗa ayari ba. Wasiƙar ba ta faɗi haka ba, tsofaffin kuma ba su riƙe shekarar ba. Da aka haɗa su biyun ne labarin ya tsaya da ƙafarsa.

Gyaɗa da haraji

Abu na uku shi ne ƙunshin rasiɗan haraji, waɗanda aka ɗaure da zare. Wani zai ce mene ne amfanin tsohon rasit? Amfaninsa shi ne yana nuna inda mutum yake zaune a wata shekara, da dagacin da yake ƙarƙashinsa, da ƙarfin arzikinsa a idon hukuma. Idan rasiɗai suka jeru shekara bayan shekara, mutum yana gida. Idan suka yanke, to ko dai ya yi tafiya ko takardun sun ɓata, sai a nemi bayani a wani wuri.

Turawa sun fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, suka mayar da haraji na kuɗi, aka daina karɓar wuri, sulalla da kwabbai da anini suka maye gurbinsa. A gundumomin da ke kewaye da birnin Kano har malaman taki aka sa suna auna gonaki da tako domin a yanka haraji daidai da faɗin gona. Manomi dole ya nemi abin da zai sayar ya sami kuɗin Bature, kuma daga 1912 gyaɗa ta zama wannan abu. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna a Kano, suna ba manyan 'yan kasuwa kuɗi, su kuma suna rarraba wa yaransu a ƙauyuka. Tsofaffin fatake, da yake sun san ciniki kuma an yarda da amanarsu, su ne suka fi shiga wannan harka. Kakana ya dawo daga Kumasi ya zama mai auna gyaɗa a kasuwar garin nan da kaka, ya yi noma da damina. A wannan tsakani ne annobar marisuwa ta 1918 ta ɗauke matarsa ta fari, yunwar 1927 da ake kira Mai Buhu kuma ta same shi yana da iyali.

Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979.

Tafiyar Gabas

A farkon shekarun 1930 rasiɗan suka yanke. Lokacin ne farashin gyaɗa ya faɗi warwas saboda karyewar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929, fari kuma suka addabi gonaki. A nan takarda ta huɗu ta shigo, wato fasfon aikin hajji, irin wanda gwamnatin mulkin mallaka ta soma ba mahajjata tun shekarun 1920.

Hanyar hajji ta ƙasa sananniya ce: daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Fort Lamy wadda ake kira Njamena tun 1973, zuwa Abeshe, a shiga Darfur, a kai El Obeid inda ake samun jirgin ƙasa, a wuce Hartum, a ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Talaka ba ya yin wannan tafiya a shekara guda. Yakan tsaya ya yi ƙodago, ko ɗinki, ko karantarwa, ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Wurin da ya fi tara mutanenmu shi ne gonakin auduga na Jazira, waɗanda suka bunƙasa bayan an gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925. Kusa da nan ne kuma garin Mai Wurno yake, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

A gidanmu ana cewa kakana ya yi arfa a shekarar da Sarkin Kano ya je. Sarki Abdullahi Bayero ya yi hajji a 1937, kuma hatimin da ke cikin fasfon bai saɓa wa haka ba. Ana kuma cewa ya dawo kafin yaƙin Hitila, wanda ya ɓarke a 1939, kuma rasiɗan haraji sun ci gaba daga wannan lokaci. Shaidu uku ke nan da ba su san juna ba suka faɗi magana ɗaya. Wannan ita ce ƙa'idar da nake so matasa su riƙe: kada a karɓi labari don kawai tsoho ne ya faɗa, kada kuma a yi watsi da shi don ba a rubuce yake ba. A gwada shi da takarda, a gwada takardar da tarihin ƙasa.

Takardar rabon gado

Kakana ya rasu a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kano, wato 1967, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Takarda ta ƙarshe ita ce ta rabon gadonsa daga kotun alƙali. A cikin dukkan takardun gida babu wadda ta kai irin wannan daraja ga mai binciken nasaba, domin shari'a ta wajabta a lissafa kowane magaji, namiji da mace, a kuma lissafa gonaki da gidaje da dabbobi da bashi. Sunayen 'ya'ya mata, waɗanda ake yawan mantawa da su wajen jera nasaba, a nan ake samunsu.

A cikin magadan an rubuta wani ɗa namiji, aka ce yana ƙasar Sudan, aka ware masa kasonsa a hannun babban wansa. Ashe a shekarun da ya yi a Jazira kakana ya yi aure, ya haihu, ya baro yaron wurin dangin uwarsa. Manya sun san da maganar, amma da suka kau sai ta kusa bin su. Yau ga shi yaƙi ya ɓarke a Sudan tun Afrilun 2023, ya raba miliyoyin mutane da muhallansu, kuma ya ci yankin Jazira ɗin kansa. A cikin waɗanda abin ya shafa akwai jininmu, kuma na tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne a garin nan. Wanda bai san yana da ɗan'uwa ba, yaya zai yi ya sada zumunci da shi, balle ya ba shi haƙƙinsa na gado?

Inda za a ƙara nema

Bayan an gama da adakar gida, akwai wurare na hukuma. Ma'adanar tarihi ta ƙasa, wadda Farfesa Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954, tana da reshe a Kaduna, inda aka tara fayilolin lardunan Arewa. A cikinsu akwai rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomi domin yanka haraji, masu ɗauke da sunayen garuruwa da dagatai, da yawan jama'a, da sana'o'i, da kasuwanni. Ba kasafai ake samun sunan talaka a ciki ba, amma za ka ga garin da kakanka ya rayu a ciki kamar yadda yake a lokacin. Sai dai a karanta da lura, domin baƙo ne ya rubuta, ta bakin tafinta, kuma haraji ne a gabansa.

Akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa. Akwai tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a Janairun 1939. Bayanan shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, cike suke da ƙarar gona da gado da bashi na talakawa. Wanda kakansa farke ne zai amfana da littafin Paul Lovejoy na 1980 kan fataucin goro.

Sa'an nan akwai shaidun da ba a rubuce suke ba. Suna kansa shaida ne: Tanko ya biyo bayan mata, Gambo ya biyo bayan tagwaye, Azumi da watan azumi aka haife ta, Ɗanladi ranar Lahadi. Tsagar fuska tana nuna asali. Wasan barkwanci, irin na Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Gobirawa da Yarabawa, yakan tona inda gida ya fito. Sunan unguwa, da tsohuwar rijiya, da kukar da ke kan iyakar gona, duk suna da abin faɗa. Fiye da duka kuma akwai tsofaffin mata. Su ne suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace ce ta zo daga wane gari. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 zuwa 1950 aka buga a 1954, ya isa hujja cewa tsohuwa guda tana iya riƙe tarihin ƙasa.

Wajibi ne in yi gargaɗi guda. Mai tono ba abin da yake so kaɗai yake tonowa ba. Wani zai tarar da bashi, wani rikicin gona, wani takardar fansa ko ta 'yantawa, domin ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Kada kunya ta sa a ƙone takarda, kada kuma a mayar da ita makamin gori. Babu wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi, kuma mutumin da ya yi aiki ya fanshi kansa ya cancanci jikokinsa su yi alfahari da shi. Haka nan kada son girma ya sa mu ƙaga wa kanmu nasabar sarauta ko ta sharifai wadda babu ita.

Kammalawa

Gara da ɗigar ɗaki da ambaliya da gobara ba sa jiran kowa. Gidajen ƙasa suna rushewa, ana sayar da wasu, ana share tsofaffin takardu a zuba a juji da sunan gyara. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa mazauna birane, duk wanda ya zo hutun salla ya ware yini guda. Ya zauna da mafi tsufa a gidansu, musamman mata, ya nemi izini ya naɗi muryarsu a waya. Ya buɗe adaka da gafaka a gaban manya, ya ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ya rarraba wa 'yan'uwa domin kada ta zauna a hannu ɗaya. Kada a manna wa tsohuwar takarda salatif, kada a rufe ta da roba mai zafi. A sa ta tsakanin fararen takardu a ajiye a wuri busasshe. A rubuta sunan wanda ya ba da kowane labari da ranar da ya bayar.

Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyarmu su kafa ƙaramin kwamiti na tarihi, wanda zai haɗa malaman zaure masu karanta ajami da ramzi, da malaman makaranta, da matasa masu sanin kwamfuta, a kuma keɓe shafi biyu a wannan mujalla kowace shekara domin tarihin gida guda. Mun gina azuzuwa, mun haƙa rijiyoyi, mun gyara asibiti, kuma duk sun yi kyau. Wannan aiki bai kai su tsada ba, amma ya fi su gaggawa, domin aji idan ya rushe ana sake gina shi, tsoho kuwa idan ya tafi da abin da ya sani ba ya dawowa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kai haske kabarinsu, ya ba 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya, ya albarkaci zuriyarmu, ya ɗaukaka garinmu. Amin.